Lambun Baba a Tsohuwar Na'ura

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na ga saƙonka cewa ranar Juma'a za ku kashe tsohuwar na'urar tashar auna ruwan sama. Ka manta lambun Baba yana ciki? Wanda ya zana da haruffa, kowane ɗa da bishiyarsa, ganye na motsi kamar ana iska. Ina 'yar shekara shida yake ɗora ni a cinyarsa mu kalla a koren allon nan, ɗakin yana ƙamshin takarda da ƙura. Tun rasuwarsa ban sake gani ba.

Na shiga daga kwamfutata ta gida da kalmar sirrin da ka ba ni. Na'urar ta buɗe mini ƙofa, amma da na kira lambun sai ta ce wai ba ta san irin tagata ba, wato allon da nake rubutu a ciki, ta watso mini haruffa birjik. Ni za a ce ba a sani ba a wurin aikin ubana? Ka taimaka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Ba ke ce ba ta sani ba, sarkin kuka, manhajar da kike rubutu a ciki ce. Na'urar ta girme ta da shekara talatin. Yi mata ƙarya kawai: ki ce tagarki irin tsohon koren allon ce. Haka nake yi kullum.

Lambun ba ya kwafuwa, na gwada, a can kaɗai yake tashi. Ni dai bai dame ni ba. Bishiyata ce ƙarama, can a lungu, kamar an manta da ita aka ƙara daga baya. Ki gama kafin Juma'a da rana.

Yayanki

*

Yaya,

Barka da warhaka. Na yi ƙaryar taka, ta kuwa yi aiki, na ga lambun fari da baƙi. Amma raina bai kwanta ba. In je gaida Baba da sunan wani? Haba.

Sai na zauna jiya da hantsi na bincika. Ashe tsohuwar tana da kundin baƙin da ta sani, wato ire-iren tagogi, kowane da bayaninsa: yadda yake share allo, yadda yake motsa alama, ko ya iya launi. Na sa kwamfutata ta rubuto nata bayanin da umarnin infocmp, na aika can, na shigar da shi kundin da umarnin tic. Kamar dai ka kama hannun baƙuwa ka ce, “Kaka, ga 'yar gidan wane.” Na fita, na sake sallama da sunana na gaskiya.

Yaya, zauna tukuna. Lambun nan yana da launi.

Baba ya sa launuka, shi da allonsa bai taɓa nuna komai ba sai kore. A makance ya shafa su, ya bar su suna jiran tagar da za ta ce ta iya. Sama shuɗiya ce, da wani gajimare yana tafiya a hankali. Tawa bishiyar furanni ruwan ɗorawa gare ta. Na zauna ina kallo har shayina ya huce, ina jin kamar numfashinsa a ƙeyata.

Taka kuwa, ƙaramar ta lungu, ita kaɗai ce mai 'ya'ya. Jajaye, guda goma sha ɗaya, na ƙirga sau uku. In babu launi sukan ɓace cikin ganye, shi ya sa ba ka taɓa gani ba. Ba zan turo hoto ba. Ka daina yi mata ƙarya, ka shiga da kanka.

Taka har kullum,
Auta

*

Auta,

Na shiga da safen nan, ban yi mata ƙarya ba. Goma sha biyu ne, ɗaya ya faɗo ƙasa, ba ki duba gindin ba.

An kashe ta ƙarfe biyu. Na roƙa a bar ni in danna maɓallin da hannuna, aka bar ni. Ki gaida mijinki. Yau kuma ni ne sarkin kukan.

Yayanki