Da Katin Rabi Aka Yi Mini Aiki

Assalamu alaikum Tanti, da duk masu karanta wannan shafi. Da fatan kun tashi lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshen rubutun tukuna. Shawara nake nema, lokaci ya ƙure mini.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a wata babbar makaranta a nan Damagaram. Iyayena manoma ne a wani ƙauye bayan Mirriya, gero da gyaɗa. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Kara-Kara ni da ƙawata 'yar garin Hamdara, zan kira ta Rabi. Tun muna kwaleji muke tare. Rabi tana da sikila, duk wata sai ta karɓi magani.

Akwai asusun inshorar lafiya da ake sa ɗalibai a ciki. Kana zuba kuɗi lokaci-lokaci, a ba ka kati, in ka kwanta asusu ya ɗauki mafi yawan ɗawainiyar. Amma da me 'yar manomi za ta zuba? Da bursi, wato tallafin karatu. Bursin nan kuwa ya yi watanni bai faɗo ba. In su ne suka makara, sai a ce mu yi haƙuri ana kan aiki. In ni ce na makara, sai a rufe mini kati. Ɗan abin da Baba ke aikowa na duba shi, na duba kati, na duba tukunya, na sayi garin tuwo. Ita Rabi yayanta Laminu, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, shi ke biya mata ko zai kwana da yunwa, don ya san abin da ke jikinta.

Wata safiya da kaka na tashi da ciwo a gefen cikina na dama, ga amai ga zazzaɓi. A asibitin unguwa aka danna wurin na yi ƙara, aka ce afendis ne, in tafi babban asibiti a yi mini aiki kafin ya fashe. Na ja jiki zuwa tagar asusu. Matar da ke wurin ta duba ta ce, "Madmazel, katinki a rufe yake." Na ce in na samo kuɗin yau fa? Ta ce, "Sai ki biya duk abin da ake bin ki, sannan ki jira wata guda ya buɗe." Na ce, "Hajiya, cikina ba zai jira wata guda ba." Ta ce, "Ba ni na rubuta dokar ba, 'yata. Na bayanta ya matso."

Rabi tana Hamdara tana taya iyayenta aikin gyaɗa, ta bar katinta a aljihun jakar makaranta. Ba zan ce ciwo ya gusar mini da hankali ba, da hankalina na ɗauka. Hoton da ke jiki ya koɗe, fuska 'yar mitsitsiya cikin hijabi, ni ko ita ko rabin 'yan ajinmu. A babban asibiti suna suka tambaya, da sunan uba, da ranar haihuwa. Ranar haihuwar ko tunani ban yi ba: mu 'yan ƙauye da aka yi wa takardar haihuwa bayan mun girma, duk ɗaya ga Janairu aka haife mu. Da yamma aka shiga da ni, da sunan Rabi. Likita ya ce da na ƙara kwana da labari ya bambanta.

Da Rabi ta dawo na ce mata kawuna na Agadas ne ya biya. Ita ta riƙa wanke mini ɗinkin, ta dama mini kunu, ta yi mini wanki. Katin na mayar inda yake. Na ce a raina da zarar bursi ya faɗo zan gaya mata. Bursi ya faɗo rabi, mai gida ya karɓe na haya, ni kuma na ci gaba da yin shiru.

Watan jiya Rabi ta je karɓar magani aka ce katinta ya cinye rabonsa na shekara, saboda aikin da aka yi mata. Ta ce ba a taɓa yi mata aiki ba. Mata biyu suka shiga da ita bayan labule suka sa ta ɗaga riga, ba tabo. Sai suka ce to hayar katin take bayarwa. An dakatar da shi har sai ta faɗi wanda ta ba, kuma ranar Alhamis mai zuwa kwamiti zai zauna a kanta.

Ta dawo ɗaki ta cire hijabi ta ninke shi a hankali. Ta ce, "Sun duba ni kamar akuyar da za a saya a kasuwar Mirriya." Na ce, "Me kika ce musu?" Ta ce, "Na ce ban sani ba." Ta kalli gefen cikina na dama, sau ɗaya, sannan ta ce, "Akwai sauran shinkafar jiya?" Shi ke nan. Ta sani. Ita ta wanke ɗinkin da hannunta, ta yaya ba za ta sani ba? Amma har yau ba ta ce uffan ba. Tana tashina sallar asuba, tana aje mini rabona na abinci. Wallahi Tanti da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Wani lokaci har haushinta nake ji: me ya sa ba za ta buɗe baki ta ce mini ɓarauniya ba, mu yi faɗa, a san an yi?

Laminu bai sani ba. Shi ke sayen maganin yanzu a farmasi da cikakken kuɗinsa, kuma babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi nasa kason. Shekaranjiya ya shigo da ƙosai yana cewa, "Ina ƙanwata mai sabon ciki? An rage miki hanji amma ci bai ragu ba!" Na yi dariyar dole. Sai ya zauna a bakin ƙofa fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wanda ya yi wa Rabi wannan, ko ɗan waye, sai na ɗora shi a babur na zaga da shi unguwa kowa ya gan shi. Ke mai boko ce, ki sa mini ido a makarantarku." Na ce to, Yaya. Rabi tana gefe tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

Makon jiya ciwonta ya tashi. Ta hana a kai ta asibiti, ta ce ba kati, kada a ƙara wa Laminu nauyi. Ta ciji filo tana juyi, ni ina gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi. Ga sanyi yana shigowa, lokacin da ciwon ya fi tsananta mata.

Na yi tambaya a fakaice, kamar labarin wata nake bayarwa. An ce in na fito, zan biya kuɗin aikin gaba ɗaya, a cire ni daga asusu, a aika maganar makaranta, kuma suna iya hana ni zama jarrabawar ƙarshe. Shekarun da Baba ya yi yana sayar da gyaɗarsa tun ba ta yi daraja ba don in yi karatu, duk su tafi. In na yi shiru, ita za a cire, da sunan mai hayar kati.

Na san na yi laifi, ban zo a wanke ni ba. Amma ina so wani ya gaya mini: ranar nan a bakin taga, me ya kamata in yi? In koma ɗaki in kwanta in jira wata guda? Wanda ya riƙe bursinmu, wane kwamiti ne zai zauna a kansa? Su za su zauna a kan kujeru su yanke wa marar lafiya hukunci, su tashi su tafi cin abinci. Sai dai duk fushin nan nawa bai saya wa Rabi ƙwayar magani ko ɗaya ba, kuma ba su ne suka zura hannu a jakarta ba, ni ce.

In akwai wanda ya san dokar irin wannan asusu, ya faɗa mini ko ana sassauta wa wanda ya kai kansa, ko ana yarda a biya kaɗan-kaɗan ba tare da an kai makaranta ba. Na san Rabi: ranar Alhamis za ta tsaya gabansu ta sake cewa ba ta sani ba, a cire ta, ta dawo ta ɗora mana girki. In fara gaya wa Laminu, ko in bi ta kawai in shiga ɗakin kwamitin in ce ni ce? Jama'a, don Allah, me zan yi?