Ƙarfin Injin Da Ba A Gaya Mana Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Jarrabawar Injiniyoyin Jiragen Ruwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatan ofishinka. Sunana Bukar, mutumin Gashuwa. Satifiket ɗina na injiniya mai tsaron ɗakin inji yana hannuna yanzu, da sa hannunka a ƙasansa. Alhamdu lillahi. Tun da na karɓe shi barci nake har da minshari, don haka ba cikin fushi nake rubutun nan ba. Amma akwai maganar da in na haɗiye ta za ta tsaya mini a wuya.

Na ɗaya. Mu biyu muka tafi makarantar koyon aikin jirgin ruwa a kudu, ni da abokina Modu na Nguru. Da muka gama karatun aji aka ce kowa ya nemi jirgin da zai yi aikin teku a kai, domin sai da shi ake zana jarrabawarku. 'Yan ajinmu da suka tashi a bakin teku kowa da kawunsa a tashar jirage. Mu kuwa mun sha zarya kafin wani kamfani ya ɗauke mu a jirginsa mai kai ma'aikata da kaya wuraren haƙar mai. Ranka ya daɗe, ka tuna daga inda muka fito. Jirgi mafi girma da na sani tun ina yaro shi ne kwalekwalen kawuna a Dagona, mai ɗaukar buhunan shinkafa da akuya ɗaya. Ranar da na ga wannan mai bene da ɗakin kwana, hotonsa na tura gida, Modu kuwa har sujadar godiya ya yi. Ko a mafarki bai zo mana mu tambayi ƙarfin injinsa ba.

Na biyu. Mun cika watannin da aka gindaya. Mun yi amai har muka saba, baƙin mai ya shige mana farce, shugaban injiniyoyin jirgin ya sa mana hannu yana yabonmu. Sai a kantar ofishinku wata ma'aikaciya ta duba takardunmu ta ce ƙarfin injin jirgin bai kai kilowat ɗari bakwai da hamsin da doka ta gindaya ba, saboda haka watannin nan ba sa cikin lissafi. Cikin ladabi ta faɗa, ba na zarginta. Amma sai da na nemi benci na zauna.

Dokar kanta ban ƙi ta ba. Da na shiga babban jirgi daga baya, na tsaya gaban injin da ya fi ɗakin babata tsawo, na gane cewa ba a damƙa wa wanda bai san irinsa ba rayukan mutane. Ƙorafina shi ne lokacin da aka faɗa mana. Makaranta ta ɗauka kowa ya sani. Kamfani ya sami masu goge masa inji ya yi gum. Ofishinku kuma bai buɗe baki ba sai da muka gama wahalar. Wanda ya tashi kusa da teku a hira yake tsintar wannan doka, shi kuwa ɗan Gashuwa ko Nguru wa zai gaya masa?

Na uku. Ni na sake lale. A Gashuwa an riga an fara kirana Injiniya, kunya ta hana ni komawa, yayata Fanna kuma ta rantse in na dawo hannu rabbana ba za ta buɗe mini ƙofa ba. Na zauna ina gyaran janareto a bakin tashar jirage har Allah ya kawo babban jirgi. Na maimaita aikin teku daga farko, na ci jarrabawar rubutu, na tsallake ta baki da gumi. Modu bai sami wannan damar ba. A tsakanin nan mahaifinsa ya rasu, ƙannensa suka dawo wuyansa. Yau adaidaita yake ja a Nguru.

Da zan koma gida na sauka Nguru dominsa. Ya ɗauke ni a tasha, ya tsaya a inuwa bayan kasuwar kifi, ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓi satifiket ɗin, ya karanta shi har ƙasa. Ya yi murna ta gaskiya, har yana tsokanata wai na yi tumbi. Sannan ya tambaye ni yadda ƙarar babban inji take idan an tayar da shi. A aji, ranka ya daɗe, ni ke leƙa littafin Modu.

Ga roƙona. A riƙa tantance jirgi kafin ɗalibi ya hau, ba bayan ya sauka ba, kuma a hana kamfanoni ɗaukar ɗalibai ba tare da sun bayyana musu ƙarfin injinsu ba. A bayyana sharuɗɗan nan da Hausa a rediyo, domin iyayenmu su san abin da za su tambaya. Sannan waɗanda suka riga suka faɗa wannan rami, a duba ko akwai satifiket na ƙananan jirage da watanninsu za su isa, ko a ƙirga musu wani sashe. Takardun Modu suna nan a ofishinku. Ban gaya masa na rubuto ba, domin ba na son in sa masa rai karo na biyu. In amsa mai daɗi ta fito, ni da kaina zan kai masa ita.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare duk wanda ke bisa ruwa, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Bukar, daga Gashuwa