Katuna Arba'in da Ɗaya a Gwangwanin Maɓallai

Zuwa ga Kyaftin ɗina,

Ya ke sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka bayan dogon rani! Ya ke tsuntsuwar da sararin Allah duk nata ne, amma ta zaɓi ta sauka a kan rufin shagon tela! Ina gaishe ki da zuciyar da ta rasa inda za ta sa kanta, da hannun da yau kwana goma sha ɗaya bai ɗinka layi ɗaya a miƙe ba. Yaya karatu? Yaya idanun nan da nake ganin safiya a cikinsu? Sun huta kuwa, ko har yanzu suna can maƙale da taswirar gajimare?

Tun ranar da kika kwashe littattafanki kika koma gidan Yaya don ki samu natsuwa, shagon nan ya zama kango. Kujerarki tana nan gefen teburin yanka, na hana kowa zama a kanta. Shekaranjiya na ɗinka wa wani bawan Allah riga, na juya hannun hagu ciki waje, sai da ya sa ta a jikinsa muka gani. Ya yi ta dariya yana cewa, "Malam tela, lafiya kuwa?" Na ce masa lafiya lau. Ƙarya ce, kuma ba ita ce ƙarya mafi girma da na yi a shagon nan ba. Dalilin wannan wasiƙa ke nan, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Lissafin jarrabawarki na haddace shi kamar yadda na haddace awon kafaɗarki. Takarda goma sha uku ce tsakaninki da lasin tuƙa manyan jiragen fasinja. Kin ci goma sha biyu: dokokin sama, hanyar tafiya, injuna, nauyi da ma'auni, duk kin tsallake su ina gefe ina tafi kamar ni na rubuta. Saura ɗaya tak, ilimin yanayi, ta iska da hadari da ƙanƙara. Sau uku kina shiga tana mayar da ke. Zama na huɗu shi ne na ƙarshe da doka ta ba ki, saura kwana goma sha shida. In ta sake kuɓuce miki, za a share duk goma sha biyun nan kamar yadda nake goge alli a jikin yadi, wahalar shekara ɗaya da rabi ta tafi, ki koma farko. Wayyo Allah! Duk lokacin da na tuna, sai ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

Jiya da la'asar Yaya ta biyo ta shago. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙanina, matarka fa ta karaya. Abinci sai an yi da gaske. Cewa take kanta ne ya ƙi, wai ta yi iya yinta, duk katin da kuka yi bita ta san shi amma ta faɗi, don haka ba ta ga amfanin shiga na huɗu ba." Na riƙe almakashi na kasa ajiye shi, na kasa yanka da shi. Ke ce za ki ce kanki ya ƙi? Ke da kike lissafa man jirgi da ka kafin in gama zura zare a allura? Ina! Kanki lafiyarsa ƙalau, rabin raina. Laifin yana nan zaune a shago yana rubuto miki wasiƙa.

Kin tuna ranar da kika ɗauke ni a ƙaramin jirgin koyo, mai kujera biyu, wata uku bayan aurenmu? Na zo da tef ɗin awo rataye a wuyana don na manta da shi, na kuwa damƙe shi da hannu biyu kamar shi zai riƙe ni in mun faɗo. Idona a rufe, bakina sai addu'a. Muryarki ta shigo kunnena ta cikin abin saurare, a natse, kina danne dariya: "Malam Almakashi, buɗe idonka mana, kuɗinka ka biya?" Na buɗe. Sai ga gonaki da rufin gidaje a ƙasa kamar ƙyallayen da ke zube a ƙarƙashin teburina, kore da ja da ruwan ƙasa, kogi ya ratsa su kamar farin zare. Na juyo na dube ki. Hasken rana a kumatunki, hannunki a kan sitiyari ba rawa ko kaɗan, fuskarki irin ta wanda ya dawo gida. A ranar na gane cewa matar da na aura ta sama ce, aro aka ba ni. A ranar kuma na rantse a raina ba zan taɓa zama dutse a ƙafarki ba. Dubi yadda na cika alkawarin.

Bayan faɗuwa ta biyu, ni na kawo shawarar katuna. Na tattaro kwalayen da ake naɗo yadi a jikinsu, na yanka su daidai wa daida, ɗari shida cif. Ke kika rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, da wannan rubutun naki ƙanana kamar sahun tururuwa. Kullum bayan azahar, in kwastomomi sun ragu, sai ki zauna a kujerarki da kofin shayi, ni in tsaya da katuna. Ƙa'idar da kika kafa mai sauƙi ce: wanda kika ci a ajiye shi dama, wanda kika faɗi ya koma cikin tari har sai kin ci shi. Ni da ban san bambancin wannan gajimare da wancan ba, na zama malamin matuƙiya. Ban taɓa jin girma irin na kwanakin nan ba.

Sai aka zo kan wani kati. Ranar Talata kika faɗi shi, Laraba kika faɗi shi, Alhamis da na sake ɗago shi kika dafe goshi, hawaye ɗaya ya ɗiga cikin shayi. Kika ce, "Maigida, anya ni kuwa?" Kika tashi wanke fuska. Kafin ki dawo, hannuna ya riga tunanina: na buɗe gwangwanin maɓallai da ke cikin aljihun tebur, na jefa katin, na rufe. Na ce a raina kwana biyu kawai, in hankalinki ya kwanta zan fito da shi. Washegari kika gama bita kina murmushi, murmushin nan da ke sa in manta da sunana. To, daga nan fa shaiɗan ya samu ƙofa. Duk katin da ya ɓata miki fuska sau uku, gwangwani. Duk amsar da kika kusa amma ba ki kai ba, sai in ce, "Daidai!" in ajiye dama. Tari yana raguwa, kina murna, ina murna da murnarki. Kati arba'in da ɗaya na binne a ƙarƙashin maɓallai.

Me zan ce in kare kaina? Tela ne ni, shekara ashirin aikina ɓoye aibi. Mai tumbi ya zo, in saki yadi ta inda ba zai gani ba. Mai karkatacciyar kafaɗa ya zo, in cusa ɗan ƙyalle a ciki, ya dubi madubi ya tafi yana taƙama. Yadi ya huje, in kai hujin cikin kalmasa. A sana'ata, gwani shi ne wanda kwastoma ya fita bai san inda ya gaza ba. Da wannan hannun na riƙe katunanki, na manta cewa taki sana'ar ba ta yafe irin wannan ladabi. Garin neman gira na tsone miki ido.

Ranar sakamako ba za ta bar ni ba har in mutu. Saba'in da biyar ake nema, kika samu saba'in da uku. Tambaya biyu! Kika shigo shago ba sallama, kika zauna, jakarki a cinya. Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Cewa kika yi a hankali, "Na ga tambayoyin da na san fuskarsu, amma na rasa inda na san su." Gwangwanin yana nan, taku ɗaya daga gwiwarki. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Haƙuri, haka Allah ya so." Kin ji rashin kunya! Na ɗauki aikin hannuna na jingina wa ƙaddara, na bar ki kina zargin kanki. Tsoro ne ya kama ni, hasken gidana, tsoron irin kallon da za ki yi min. Na zaɓi ki raina kanki a kan ki raina ni, kuma tun ranar ban ƙara iya kallon madubin shagon nan ba.

Yanzu ga ni, ba abin da na iya. Da jarrabawa riga ce, da na farke ta na sake ɗinkawa kafin magariba. Da kwanaki yadi ne, da na ƙara miki ƙyalle a gefe. Ba zan iya shiga ɗakin nan in zauna a madadinki ba, ba zan iya roƙon masu doka su ba ki zama na biyar ba, ba zan iya mayar da Alhamis ɗin nan baya in ƙyale hawayenki ya zuba ba. In na ji ƙarar jirgi sai in fita bakin titi kamar wawa, in ɗaga kai har wuyana ya ƙage. In na ga hadari ya haɗu, sai in tsaya ina tambayarsa sunansa. Me ya rage wa mutumin da ya cuci abin da ya fi so, da hannun da yake so da shi?

Bayan tafiyar Yaya na zazzage gwangwanin a kan tebur, maɓallai suka watse ko'ina. Na nemo katin farko, mai tabon shayi a gefe. Na karanta shi ya fi sau goma kafin in gane. Tambayar ita ce: in jirgi ya shiga iska mai tsananin sanyi, me agogon tsayi yake nunawa? Amsar da kika rubuta a baya: yana nuna wa matuƙi ya fi inda yake tsayi, alhali yana ƙasa da haka, kuma dutse yana nan inda yake. Na zauna a ƙasa cikin maɓallai na yi kuka kamar yaro. Wata biyu ina tsaye a gabanki ina nuna miki tsayin da ba ki kai ba, kin kuwa yarda da ni don ba ki taɓa zaton zan yi miki ƙarya ba.

Ga gwangwanin nan zan ba Yaya ta kawo miki tare da wasiƙar. Katunan arba'in da ɗaya ne, ki ƙirga, ban rage ko ɗaya ba. Na ɗaure guda goma sha bakwai daban da jan zare. Ba daga gwangwani suke ba, su ne waɗanda na tuna na ce miki daidai alhali da saura. Wannan shi ne ramin da kika faɗa, ga faɗinsa ga zurfinsa, kuma kwana goma sha shida sun ishi mai kai irin naki ta cike shi. Ki yi fushi da ni, kin isa. Ki ƙi ɗaga wayata, ki ce kada in tako gidan Yaya, duk zan ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, na durƙusa da gwiwa biyu: kada ki ƙi shiga. Kada ki yanke wa kanki hukunci a kan shaidar maƙaryaci.

In kuma, sanyin raina, kin ga ina da sauran amfani, ki aiko da kalma ɗaya. Zan rufe shago in zo kullum bayan azahar, in tsaya daga bakin ƙofa in ba kya son ganin fuskata. Zan ɗaga kati, in kin kuskure in ce, "Kin faɗi, sake." In kin dafe goshi in ce, "Sake." In hawaye ya zubo, zan sa hannuna biyu a baya in riƙe ɗaya da ɗaya, in ce, "Sake." Tun jiya nake gwada faɗin kalmar ni kaɗai a shago, har yanzu ban ƙware ba, amma zan iya kafin ki kira.

Farar rigar da na ɗinka miki tun kina takarda ta uku tana nan rataye cikin leda, da madaurin gala, alamar muƙamin matuƙi, a kafaɗa. Na duba ta ciki da waje yau da safe, ba wani aibi da na ɓoye a kalmasarta. Ko kin sa ta bana, ko sai kin sake zagayo goma sha ukun nan daga farko, ko kin sa ta ba na cikin masu kallo, ba za ta shiga jikin kowa ba sai naki. Haka ma zuciyar wanda ya ɗinka ta.

Naki har ranar da za a auna ni da yadin ƙarshe,

Malam Almakashi,
wanda ke zaune kusa da kujerarki yana jiran kalma ɗaya.