Jarkar da Na Aiko wa Malam

Madina,
8 ga Muharram, 1412

Zuwa ga ƙanwata Iyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi haƙuri da ni. Na san hidimar mahaifinmu Malam kaɗai ta ishe ki, ga shi zan ɗora miki wata. Da ina da wanda zan gaya wa bayan ke, wallahi da ban dame ki ba.

Ina fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da yara. Yaya ƙafar Malam, ta bar kumburin? Yaya damina a Kazaure? Mu nan lafiya lau, sai zafi, alhamdu lillahi.

Za ki ga takarda biyu a ambulan ɗin nan. Ƙaramar gaisuwa ce zalla, ita za ki karanta wa Malam idan ya ji an kawo wasiƙa. Wannan kuwa ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, wani abokin mai gidana Abdulwahab, Sharfuddeen, ya gayyace mu gonarsa a kan hanyar Badr. Kakanninsa mutanen Katsina ne da suka zo Hajji a ƙafa suka zauna. Dabino ne yawancin gonar, amma a can baya yana da rumfunan inabi. Iyatu, ban taɓa ganinsa a jikin uwarsa ba sai ranar. Ya sauko cunkus-cunkus har sai mutum ya sunkuya. Matarsa Kaltuma ta shimfiɗa mana darduma a inuwa, ta jera ƙananan kofuna. Ana matse baƙin a ba mu, mu kurkure baki, a matso farin, sannan wani ja mai ɗan tsami. Hausarta rabi Larabci ce. Tana ta tsokanata wai ina riƙe kofi kamar an ba ni magani, in sha mana, ba hisabi a kansa.

Ni kuwa da kurɓar farko Malam ya faɗo mini a rai. Kin tuna muna yara, duk inda aka zo ambaton inabi a karatu sai ya tsaya ya ce shi dai busasshen kawai ya sani, ɗanyen sai in Allah ya sa mun dace a Aljanna? Shekararsa tamanin, yana fassara wa mutane abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, ni kuma ga ni zaune ana cika mini kofi.

Na san 'ya'yan ba za su kai gida ba, za su ruɓe. Sai na roƙi Kaltuma ta cika mini ƙaramar jarka da ruwan baƙin, da kwalba ɗaya. Ban ce mata tafiya zai yi ba, don kada ta ga na mayar da kyautarta tsaraba. Abdulwahab ma ban gaya masa ba, saboda ya hana ni ɗora wa alhazai kaya. Washegari na kai jarkar masaukin Alhaji Idrisa, maƙwabcinku, na naɗe ta a zane tare da ta Zamzam. Har na haɗa da 'yar takarda cewa daga ƙasar Madina aka matso shi, Malam ya riƙa sha kaɗan-kaɗan kowace safiya don ya daɗe.

Kwalbar kuwa na ajiye ta a ɗakin ajiya na manta. Shekaranjiya bayan La'asar muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Murfin ne ya tashi, kumfa har bango, ga wani wari da ban san irinsa ba. Na dangwala a harshe, na tofar. Abdulwahab ya shinshina, kin san mai haɗa magani ne, sai ya fashe da dariya, wai ashe matar da ke wanke hannu sau uku kafin ta taɓa allo ta buɗe masana'anta a ɗakin ajiya. Da ya ga fuskata ya daina. Na gaya masa komai.

Ya ce ruwan inabi in ba a dafa shi ba ko a sa a firji, kwana uku a wannan zafi ya fara juyawa. Iyatu, giya na aiko wa mahaifinmu. 

Abin da ya fi tayar mini da hankali, a gidanmu babu wanda ya san ɗanɗanon inabi, babu kuma wanda ya san na waccan. Idan Malam ya ji ɗaci zai ce haka Allah ya yi shi. Kin kuma san ba ya cin abu shi kaɗai. Zai sa a kai zaure, Liman ya kurɓa, dattawan sahun gaba su kurɓa, kowa ya shafa fuska yana neman albarkar Madina.

Na je gidan waya sau biyu in kira ofishin mai gidanki, layin bai shiga ba. An ce alhazan jirginsu Alhaji Idrisa sun yi kwanaki a Jidda suna jira, ban sani ba ko sun tashi. Abdulwahab ya ce wataƙila jarkar ta fashe a hanya. Allah ya yafe mini, ban taɓa roƙon kayan wani su lalace ba sai yanzu. In hakan ta faru, ki ba Alhaji haƙuri, ki karɓi tufafinsa ki wanke.

Ga abin da nake roƙonki. Idan jarkar ba ta iso ba, ki tare ta tun a gidan Alhaji Idrisa. Ki buɗe a hankali, nesa da fuskarki, ki zubar a rami ki rufe da ƙasa. Abdulwahab ya ce in an bar ta a buɗe za ta koma khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, kuma shi halal ne. Na ce a'a, ba za ta kwana a gidan Malam ba. Ki ce masa ya lalace a hanya. Wannan gaskiya ce.

Idan kuwa ya riga ya sha, a nan ne na rasa yadda zan yi. Na tambayi malamar da muke ɗaukar karatu a wurinta a Harami, ta ce babu laifi a kan wanda bai sani ba. Malam ya fi ni sanin haka, amma ba zai yi wa kansa wannan sauƙin ba. Zai ce zai rama salloli, ya ɗauki azumi da wannan jikin nasa, ya bi waɗanda ya ba ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara a kan sanda. Don haka ki ɗauke sauran, kada ki fara gaya masa. Kada kuma ki yi masa ƙarya saboda ni. In ya matsa da tambaya, ki ce Zenabu ce za ta yi bayani. Ni na aiko, ni zan faɗa, in na san ƙarfin jikinsa.

Akwai abu ɗaya da nake jin kunyar tambaya, na yi istigfari a kansa amma ya ƙi barina. In ya sha ɗin, me ya ce? Ya ji daɗinsa?

Hawa, ma'aikaciyar jinyar da za ta kawo miki wannan, mako biyu kawai za ta yi a gida, amma kada ki jira komowarta in kin sami mai tahowa kafin nan. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, ko layi biyu ne.

Ki gaishe da mai gidanki da yara. Allah ya saka miki da alheri.

Taki,
Yaya Zenabu