Ramar da Ta Tsare Shu'aibu

Zuwa ga Gwaggo Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan unguwar International City a ƙasar Larabawa lafiya lau, cikin da nake ɗauke da shi ya shiga wata na bakwai.

Gwaggo, an saki maigidana Shu'aibu ranar Laraba, alhamdulillahi. Na san Kawu Haidar ya gaya miki an tsare shi a filin jirgi saboda busasshiyar ramar da kika ba shi ya kawo mini, na kuma ji kin daina cin abinci. Don Allah ki ci, laifin nawa ne. Ni na dame ki da kwaɗayin kwaɗon rama, ni na ce ki naɗe ta a baƙar leda, ki ɗaure tamau, ki cusa cikin zannuwa kamar yadda muke wa daddawa. Ma'aikacin da ya buɗe jakar ya ga ganye mai yatsu an ɓoye shi haka, ina zai san rama? Ya ce wiwi ce. A ƙasar nan kuwa ba a wasa da wannan, ɗauri ne da kora.

Maƙwabcinmu Malam Sulaiman, mai aiki a kantin magani, shi ya tsaya mana. Kwana uku yana sintiri, ya rubuta musu sunan rama da Larabci da Turanci, ya nace a gwada ganyen, aka gwada aka ga rama ce. Ya ce mini da can ana noman wiwi don igiya da buhu, kamar ramarmu, sai wajen shekara ɗari da suka wuce ƙasashe suka taru suka hana ta saboda masu buguwa da ita, har wadda ba ta bugarwa ma hanin ya shafa. Ni dai tarihi bai shige ni ba a lokacin, kuka nake. Ki sa bawan Allahn nan a addu'a.

Da Shu'aibu ya shigo gida na durƙusa zan ba shi haƙuri, na shirya jin faɗa. Wallahi sai kawai ya tambaye ni ko yaron da ke cikina yana motsi, wai abin da ya hana shi sukuni a can ke nan.

Ki gaishe da Kawu Haidar da Mariya da yaranta.

Taki har kullum,
Mahfuza