Daddawar da Ba Ta Wuce Sakkwato Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo ta Rimawa,

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Autanki ne Bashiru, daga Tibilisi ta ƙasar Jojiya, inda kika sa mini albarka na taho karatun likita. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ta ne a inda mutanen gida za su karanta, domin ƙaryar da na yi miki ta zaga gari, ya kamata gaskiyar ma ta bi sawunta.

Kin tuna ranar da zan taso? Kin kwana biyar kina haɗa mini daddawar batso, wadda kike yi da gurguzun yakuwa kina kaiwa kasuwar Goronyo tun ban san kaina ba. Kika ƙunshe ta a leda uku, kika ɗaure da tsumma, kika tura can ƙasan jakata. Kika ce, "Ka riƙa jehwa kaɗan cikin miya, ko mi sunka ba ka can sai ya ciwu."

Ba mu kai Wurno ba warin ya cika motar. Wata mata ta ja mayafi ta toshe hanci, direba ya tambaya wa ya ɗauko batso. Na kau da kai ina kallon gonakin albasa. Sai na tuna 'yan ajinmu na sakandare da suke kirana ɗan mai batso, suna sunsuna rigata. Muna isa tashar Sakkwato na zaga bayan wata rumfa, na ciro ƙunshin, na ajiye a kan juji, na wanke hannuna da sabulu.

Da na iso nan, duk wayar da za mu yi sai kin ce, "Mi kaka ci can? Daddawar ga ta ƙare?" Na ce tana nan, ina ci kaɗan-kaɗan. Wata rana bakina ya zarce, na ce har abokaina Turawa sun ci sun yaba. Na ji dariyarki ta cikin wayar, kina kiran maƙwabta su zo su ji. Ban gyara maganar ba har kika rasu a farkon ranin bana, ina tsakiyar jarrabawa.

Da na zo gida karɓar gaisuwa, kowace tsohuwa ta shigo sai ta ce, "Ai ta hwaɗa muna, hadda Turawa sun ci batsonta." Ina gyaɗa kai. Yaya Asabe ta ba ni ƙunshin daddawa ta ƙarshe da kika yi da hannunki, wadda kika ware da sunana. Inna, ita ma na bar ta a bayan ƙofar ɗaki, na ce mantawa na yi. Wannan karon ko ɗan ajin da zai yi mini dariya babu, halina ne kawai.

Abin da ya sa nake rubuto miki yanzu, tafiya ce da na yi a hutun da ya wuce. Akwai abokin karatuna, Leban, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinmu. Ya gayyace ni ƙauyensu a wani yanki mai suna Tusheti, can ƙololuwar duwatsu. Hanya ɗaya ce take zuwa, ita ma 'yan watanni kawai ake bin ta, sauran shekara dusar ƙanƙara ta toshe ta. Ke da kike kama kujera kina salati idan mota ta hau dam ɗin Goronyo, da kin ga wannan hanya da kin sauka kin ce a ƙafa za ki ƙarasa. Dutse a hagu, rami a dama, gajimare a ƙarƙashinmu. Ni ma duk addu'ar da kika koya mini sai da na karanta ta.

Ƙauyen bai kai unguwarmu girma ba. Gidajen dutse ne, har rufin ma falalen dutse, ga dogayen hasumiyoyi da kakanninsu suke ɓuya a ciki lokacin yaƙi. Makiyayan tumaki ne. Kiristoci ne, amma a al'adarsu ba a shiga da naman alade yankin, don haka na ci abinci hankalina kwance. Da na ce ba na shan giya, babu wanda ya matsa mini, sai suka dafa mini shayin wani ganye da suke tsinka a kan dutse. Mun kwana uku muna yawo ƙauye zuwa ƙauye a kan doki, ni da dokina kowa yana zargin ɗan'uwansa. Duk gidan da muka wuce sai an fito an ja mu ciki.

Mahaifiyar Leban tsohuwa ce gajera mai baƙaƙen kaya, hannunta duk kanta, irin naki. Sana'arta cuku. Da madarar tumaki take yinsa, ta zuba a salkar fatar tunkiya, gashin yana ta ciki, ta ɗaure bakin, ta bar shi watanni. Ranar da aka kwance salkar a gabana, Inna, wallahi batsonki turare ne. Sai da idona ya kawo ruwa.

Ina jiran in ga Leban ya sunkuyar da kai, ko ya ba ni haƙuri. Sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa cikin salkar, ya ciro cukun ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya ce mini wannan aikin uwarsa ne, babu irinsa a duk duwatsun nan, kuma da shi ta raine shi. Ya sumbaci kanta a gaban baƙo. Ni kuwa shekara uku muna aji ɗaya, abin da na taɓa gaya masa game da ke shi ne 'yar kasuwa ce.

Da la'asar suka shirya walima a tsakar gida. Al'adarsu, babba yana miƙewa ya yi jawabi a kan abu ɗaya-ɗaya: zaman lafiya, baƙo, iyaye, sannan waɗanda suka rasu, kowa ya ambaci nasa. Da aka zo kaina na ambaci sunanki. Sai tsohuwar ta sa Leban ya tambaye ni abin da kika sa mini a jaka ranar da na bar gida, don ta ce babu uwar da take sallamar ɗa da jaka ba komai.

Daga nan na faɗa musu duka: leda uku, tashar Sakkwato, wayar, bayan ƙofa. Abin da na kasa gaya wa uwata da 'yar'uwata, na zazzage shi a gaban mutanen da ko sunan garinmu ba su iya faɗa ba. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba. Tsohuwar ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce mini "ba komai" ba. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da yanka burodi.

Washegari da za mu tafi ta karɓi jakata, ta tura ƙunshin cuku can ƙasa, daidai inda kika sa naki. Ta ɗaga mini yatsa ta yi magana. Leban yana dariya ya ce cewa ta yi, wannan kada in kuskura ya tsaya a tasha. Na rungume jakar awa bakwai a mota, warin yana tashi, ban kuma damu da wanda ya toshe hanci ba. A hanyar nan na yi kuka, don na ga abin da na iya yi wa uwar wani na kasa yi wa tawa.

Ina isa Tibilisi na kira Yaya Asabe. Ban gama kame-kame ba ta ce, "Shina nan inda ka aje shi. Na sani ba mantawa kay yi ba." Wani ɗalibi ɗan Rabah da ya dawo daga hutu ya taho mini da ƙunshin. Da na kwance, na tarar da shatin yatsunki a jikin kowane curi, inda kika danna shi kafin ki shanya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yi miyar kuka a kicin ɗin ɗalibai, ƙofa a buɗe. Masu wucewa suka leƙo suna tambayar me ke wari haka. Na ce daddawar batso ce, uwata ce ta yi, sana'arta ke nan a kasuwar Goronyo. Leban ya ci tuwo malmala biyu, ya suɗe kwano, ya roƙi curi ɗaya zai kai wa tsohuwarsa.

To Inna, maganar da kika yi ta faɗa wa maƙwabta ta zama gaskiya. Bature ya ci batsonki ya yaba. Sai dai na ɗauki waya zan gaya miki, na tuna babu mai ɗauka.

Ki yafe mini, Inna. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa kowane curi da kika danna don ki ciyar da mu ya zame miki nauyi a mizani. Ya sada mu a gidan da ba a ɓoye wa juna komai.

Ɗanki,
Bashiru, ɗan mai batso.