Gilasan da Sa'ida ta Wanke

Buza, ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata Zaliha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki Abdoulkadir da yara, da fatan Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Nan gida kowa lafiya, in aka cire ni. Idanuna har yanzu rawaya ne, ƙaiƙayi bai bar ni ba, fura kaɗai ke zama a cikina. Tun rasuwar uwarki ɗakin nan ya yi mini faɗi, yanzu kuma ya ƙara.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna allurar da aka soka mini a Yamai, aka ɗebo ɗan abu daga kumburin da ya toshe hanyar matsarmama, kusa da abin da suke kira pankireyas. Na kai takardar sakamakon wurin Dokta Mahamud a Madawa. Ya karanta sau biyu, ya ajiye. Ya ce mai binciken da ya rubuta takardar a Yamai ya kwatanta abin da ya gani, amma bai yanke ba. Ni ma na karanta, Faransancina bai mutu ba tukuna. Rabin shafi ne na kalmomi masu kyau: wasu ƙwayoyin ba su yi daidai ba, ba a tabbatar ba, ba a kuma kore ba. Shekara talatin da ɗaya na koyar a lakwal. Ɗalibin da ya cika mini rabin shafi bai amsa tambaya ba, sifiri nake ba shi.

Dokta ya bayyana mini cewa masu duba irin wannan samfuri suna da tsari guda da suka yarda da shi, hawa-hawa. Akwai samfurin da bai isa a ce komai ba, akwai mai lafiya, akwai wanda ya ɗan kauce, akwai abin zargi, har zuwa cutar kansa tabbas. Kowane hawa da abin da ake yi wa mai shi: wani a sa masa ido, wani a sake allura, wani a yi masa aiki. Ya ce da an rubuta hawan a layi ɗaya, da ya san inda zai tura ni. Ya ce in kawo 'yan gilasan nan huɗu da aka shafa samfurin a kansu, waɗanda kika matsa aka ba mu, a aika wa wani ya sake dubawa.

To, gilasan ne babu. Na ajiye su cikin gwangwani, kusa da kofunan shayi. Sa'ida, matar Alhassan ɗan ƙanena, wadda ke share mini ɗaki, ta gan su da tabo shuɗi-shuɗi. Ta jiƙa su, ta dirje da toka da sabulu, ta jera mini su a kan faifai suna ƙyalli. Ta ce ta ga an bar wa Baba kaya da datti. Me zan ce wa yarinyar da ke dama mini fura kullum? Ba da ita nake fushi ba. Da mai takardar ya yi aikinsa, da wankinta bai ɓata komai ba.

Yanzu Dokta ya ce ko dai mai binciken ya duba abin da ya ajiye ya faɗi hawan, ko a sake allura. Zaliha, kin ga yadda na sauko daga mota wancan karo, sai da mutum biyu suka riƙe ni. Ba na jin jikin nan zai sake kai ni Yamai ya dawo da ni.

Don haka, tunda kina Yamai, ki je wurin mai binciken da kanki, kada ki aika. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce tsohon mushe, malamin lakwal, yana roƙon layi ɗaya. In kuma ya faɗa, ki gaya mini yadda ya faɗa, kada ku taru da Abdoulkadir ku tausasa. In aiki ne, zan daure in zo. In lokaci ya wuce, ina son in sani da sauran ƙarfina, in je Garhanga in yi bankwana da yayata Mariyatu da ƙafata, ba a kai mata labari ba.

Ki gaida Abdoulkadir, da Anas, da Fatiha. Alhassan da Sa'ida suna gaishe ku. Ita har yanzu ba ta iya haɗa ido da ni.

Naki mahaifi,
Isaka